Jeren da Na Yi wa Kaka a Tayuri

Sanyin Sabha, garin Larabawan nan na tsakiyar hamada, ba ya jiran a yi masa izini. Rana na faɗuwa zai biyo ta ƙarƙashin ƙofa da ramukan bulo, ya sami mutum har cikin ƙashi. A gidanmu na unguwar Tayuri, wanda rabinsa bulo ne rabinsa langa-langa, maganin da muka sani shi ne wani rabin duro da Baba ya huda wa gindi. In ya taso daga wurin gini yakan ɗauro guntayen katako a bayan kekensa, a zuba a duron, a kunna a ƙofar ɗakin Kaka da zarar an idar da magariba. Ni da ƙanwata Rabi mukan matso har gwiwoyinmu su yi zafi, bayanmu kuma yana kaɗawa don ɗari. A nan Kaka take yi mana tatsuniya.

Shekarun nan ne da ƙasar ta buɗe wa baƙar fata ƙofa. Rediyo ba shi da zance sai na Afirka ɗaya, allunan bakin titi duk taswirar ce, manyan motoci kuma kullum suna sauke mutanenmu da jarkoki a wuya. Baba ya riga su zuwa da daɗewa, ni da Rabi a nan muka yi wayo. Kaka ce baƙuwa. Daga ƙauyenmu na wajen Matamaye Baba ya je ya ɗauko ta don a yi mata aikin ido, bisa alkawarin da an gama zai mayar da ita da kansa. Ta yarda ta hau mota, amma ba ta yarda ta bar kayan ɗakinta ba. Ta ce in ta bar su, kafin ta dawo an raba su kamar gadon mamaci.

Haka suka ƙetaro hamada tare da ita: tasoshin jan ƙarfe da ta gada wurin uwarta, fantekoki masu furanni da bakinsu ya fara ɓantarewa, samiru, baƙaƙen akussa, da ƙoruka masu zane. An cusa ƙanana cikin manya, an naɗe da tsohon bargo, an ɗaure da igiyar kaba da ta tufka da hannunta. Ƙunshin ya kusa kai ni tsawo. Yana nan a kusurwar ɗakinta yadda aka sauke shi daga mota, ita kuwa a kwanon robar Inna, mahaifiyarmu, take cin tuwo.

Maƙwabciyarmu Maman Sale, 'yar Kano mai tuyar ƙosai, ba ta gajiya da tsokanarta.

"Kaka, wannan dukiya haka a ɗaure kamar buhun gawayi? Ki bari mu zo mu yi miki jere, ɗaki ya yi kyan gani."

"Ni da na zo jinya? Wa kika taɓa gani ya yi jere a wurin jinya?"

"Mu ma da muka zo ai cewa muka yi bayan salla za mu koma. Ga Sale nan har ya fara gemu."

"Ku kuka faɗa wa kanku. Ni alkawari aka yi mini."

A wurinmu, ranar da mace ta jera kwanukanta a ɗaki ta shaida wa duniya ta zauna ke nan. In kuwa mata suka shigo suka gani suka sa albarka, ba a sauke wannan jere sai da saki ko da mutuwa. Ga kuma wani abu: Baba ɗan farin Kaka ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, maganarsu ba ta wuce gaisuwa. In tana da saƙo sai ta faɗa wa Inna, ko ta juya ta faɗa wa bango yana ji. Saboda haka ƙunshin nan shi ne bakinta. Kowace safiya in Baba ya durƙusa a ƙofarta, nakan ga idonsa ya tafi kusurwa, ya tarar igiya na nan a ɗaure, ya sunkuyar da kai ya fita.

Kaka tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan kare goshi da hannu kamar mai hangen nesa, ta ce, "Ga wata can tafe da kaya a ka." Mu kuma mu ce, "A sauke ta, a ba ta ruwa." Kafin ta fara sai ta zungure ni da ƙafa. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, matsa can. Ko goro ba ka kawo mini ba, amma kai ne a gaban wuta."

Ta ba mu da yawa, na manta mafi yawansu. Wadda ta ƙi barina ita ce ta mai ƙoruka.

Wata mata ce mai zanen ƙwarya ta kai talla ƙasa mai nisa. A hanyar komawa ƙishirwa ta kama ta, sai ta faɗa wani gari a tsakiyar rairayi. Garin yana da rijiya mai ruwan sanyi, gurasa kuwa ba a sayenta, miƙa hannu kawai ake yi. A ƙofar gari ta tarar da wata tsohuwa tana kaɗi. Tsohuwa ta ce mata, ki ci, ki sha, ki huta iyakar son ranki, amma kada ki kafa komai a bangon garin nan.

Aka ba ta ɗaki. Ta ajiye ragowar ƙorukanta a ƙasa, da safe ta ga gara ta fara lasarsu. Sai ta koma kwana a zaune, ƙoruka a kan cinya. Kaka takan kwaikwayi matar, ta rungumi iska tana gyangyaɗi, kai na faɗuwa tana tarowa, mu yi ta dariya. Da bayanta ya gaji, mai ƙoruka ta ce ai ɗan turke ne kawai, bai kai yatsa ba. Ta feƙe shi, ta kafa a bango, ta rataya ragaya, ta jera ƙorukanta. Ranar ta yi barcin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Da gari ya waye mata suka cika ɗakin suna kallo suna yabawa.

Da ta huta sai ta kama hanyar gida. Ta yi ta tafiya tun hantsi, da la'asar ta hango ganuwa, zuciyarta ta yi fari. Tana isowa sai ga tsohuwar nan tana kaɗi, ta ce mata sannu da dawowa. Kashegari ta bi ta gabas, ta ɓullo nan. Ta bi ta yamma, ta ɓullo nan.

"To ta cire turken mana," in ji Rabi.

"Ta cire, 'yar nan. Ramin fa? Ta liƙe da laka, laka ta bushe ta faɗo."

"Sai me ya faru?"

"Sai ta zauna. Tana can har yau. An ce duk garin babu mai ƙoruka irin nata."

Ni kuwa na ce, "Ai garin ma ya fi nasu daɗi. Ga ruwa, ga gurasa."

Kaka ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Ku ji mijin banza. Wannan da burodi guda za a saye shi, a ba da canji." Sannan ta kaɗe zanenta ta rufe yadda ta saba: "Na sauke ta nan. Mai sauran ƙarfi ya ɗauka ya ƙara gaba."

Abin da na faɗa da wasa, shi ne a cikina da gaske. Ba na son komawa. Na ji Baba yana gaya wa Inna cewa in tafiyar ta zo, dukanmu za mu tafi, don ba zai bar mu a baya ba, ba zai kuma sa uwarsa a mota ita kaɗai ba. Har ya yi magana da wani direba da zai tashi bayan Babbar Salla. A daidai lokacin kuma wani mai gona a wajen Tamanhint, wani gari kusa da Sabha, ya yi masa tayin aiki na dindindin, da sharaɗin ba tafiya. Baba ya rame a 'yan makonnin nan. Ni kuwa ƙauyen ban san shi ba sai a bakin Kaka, kuma abin da na fahimta shi ne ba lantarki, ba talabijin, ba Manshiya.

A unguwar Manshiya akwai shagon wani Balarabe mai sayar da tsofaffin kaya ga Turawan da ke wucewa kallon tafkunan cikin rairayi. Sirdin raƙumi, farantan tagulla, tsofaffin fitilu, rediyon da ya daina magana tun kafin a haife ni. Karatu bai shiga kaina sosai ba, sau da yawa can nake ƙarewa maimakon makaranta, in tsaya a tsallaken titi ina kallon yadda yake shirya su. Babba a baya, ƙarami a gaba. Baƙi kusa da mai ƙyalli. A bar fili tsakani don ido ya huta. In na koma gida sai in yi ta gwadawa da gwangwanayen tumatir a bayan ɗaki. Duk sanda na wuce ƙunshin Kaka, hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Ana saura 'yan kwanaki salla aka kwantar da ita don aikin ido na biyu, Inna ta tafi zaman jinya. Baba na fita aiki na shiga ɗakin na kwance igiyar.

Na goge tasoshin da toka da lemon tsami har ina ganin fuskata a ciki. Na ɗauko katakai daga tarin itacen wuta, na buga ƙusoshi a bango, da na rasa abin rataye su sai na yayyanka igiyar kabar na ɗaure. Fantekoki na dasa a ƙasa, kowace ɓantararren gefenta ya dubi bango. Samiru a kansu, suna ƙanƙancewa har sama. Tasoshi a tsaye a katakon tsakiya inda hasken taga ke sauka, akussa a sama, ƙoruka a kife a gefe don zanensu ya fito. Rabi tana miƙo mini tana cewa za a dake mu. Na ce mata so nake abin da sabon idon Kaka zai fara gani ya zama mai kyau. Ba ƙarya na yi ba, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Na san abin da jere yake nufi. Yaron da ya tashi a tsakar gidan mata ba zai ce bai sani ba.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa, kekensa a hannu, yana kallon jeren.

"Habu. Ita ta ce ka kwance?"

Rabi ta dube ni. Na ce, "E, Baba."

"Da bakinta?"

"Ta ce a yi kafin ta dawo."

Ya jingina keken, ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya shafa fuskarsa da ita. Sai na ji yana ta maimaita alhamdu lillahi a hankali. Ko ruwa bai sha ba ya fita. A yammacin nan ya sallami direban, kashegari da sassafe ya tafi Tamanhint ya ba mai gona kalmarsa.

Ranar da aka sallamo Kaka, Maman Sale ta riga ta leƙa ta gani, ta kuma tara matan layinmu. Kaka na shigowa, ido ɗaya a rufe da auduga, aka rangaɗa guɗa.

"Yau dai Kaka ta zama 'yar gari," in ji Maman Sale. "Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya."

Mata suka amsa da amin. Kaka ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana bin bangon da kallo, daga ƙasa har sama.

"Aikin wa?"

Maman Sale ta ce, "Na angonki mana. Wallahi ko a Kano sai an ɗauko mai jere ta musamman kafin a sami irin wannan."

Na ga leɓenta ya motsa. Kafin ta yi magana Baba ya durƙusa a bakin ƙofa, ya juya wajen Inna ya ce:

"A faɗa wa Tsohuwa na gode. Na san ba ƙaramin abu ta bari ba. Ta sauke mini nauyin da ya hana ni barci."

Kaka ta juyo da idon nan guda ta ɗora a kaina. Kalma ɗaya ta isa ta mayar da komai: a gaban mata jikanta ya zama maƙaryaci, ɗanta kuma ya je ya warware kalmar da ya bayar. Sai ta juya ta dubi bango.

"A ce masa Allah ya sa wa aikin albarka."

Sannan ta taka a hankali, ta sauko da akushi guda daga sama ta mayar da shi ƙasa. Ta ce itace ba ya zama a kan tasar uwarta. Gyaran da ta yi ke nan.

Da magariba aka kunna duro kamar kullum. Rabi ta tafi ɗauko bargo, muka rage ni da ita.

"Maigida, igiyata fa?"

Na nuna mata katakan da ke rataye.

"Duka ka yanka?"

"Duka, Kaka."

Ta gyaɗa kai. "To. Ƙara itace, wutar za ta mutu."

Ba ta sake tayar da zancen ba har ta bar duniya. Ba ta daina ce mini Maigida ba, ba ta daina ajiye mini ƙanzo ba. Tatsuniya ma ta ci gaba, ta kura, ta maharba, ta 'yan matan da suka je ɗiban ruwa. Ta mai ƙoruka ce kawai ba mu sake ji ba. Da Rabi ta roƙa sai ta ce ta manta ta.

Baba yakan ce in an sami hutu za a kai ta ko ganin gida ta yi. Hutun bai zo ba. Daga baya ƙafafunta suka ƙi, daga baya kuma hanyar kanta ta lalace. Ƙanwarta Iya Hanne, wadda ke share mata ɗaki a ƙauye tana jiran ta, ta aiko wani matafiyi ya tambaya yaushe za a sa rai. Ina zaune Kaka ta ba shi amsa.

"Ka ce mata ina lafiya. Ka ce mata na yi jere."

Mutumin ya jira ƙari, ba ƙari. Daga nan Iya Hanne ba ta sake aiko tambaya ba, sai gaisuwa. Kaka ta rasu da bazara, muka kai ta gefen maƙabarta inda ake sa baƙi.

Da mata suka sauke jeren, Inna ta ce ni ya fi dacewa da shi tunda ni na san darajarsa. A lokacin na fara ɗan shagona a Manshiya, sana'ar da nake ci har yau. Na ɗora kayan a katakon sama na ce ado ne, ba na sayarwa ba. A shago ne na koyi cewa komai juyawa ake yi. Ɓantararren gefen da ake ɓoyewa a ɗaki, shi ake fuskantar da mai saye, don shi ne shaidar tsufa. Tasa ba a goge ta, a bar ta ta yi duhu. Kuma kowane kwano sai an haɗa shi da labari. Bakina ya iya wannan fiye da yadda ya kamata: na mayar da fantekar Kaka ta gidan sarauta, na ce akushinta ya yi zamanin ayari. Wanda ya yaba ya dage, sai in ce ai guda ɗaya ba zai rage komai ba, in sayar masa. A haka katakon sama ya koma na wasu kaya. Tasar uwarta ce ta ƙarshe, wata mata mai otal ta ɗauka don ta riƙa zuba alewa a wurin karɓar baƙi.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan gargaɗi ce ga irinmu masu saurin sabawa da daɗi, kuma ni ne mai ƙorukan. Sai da furfura ta fara fito mini na ga inda na yi kuskure. Mai ƙoruka da hannunta ta kafa turkenta, bayan ta gaji, ta kuma sami barcin dare guda a ladansa. Kaka ba ta gaji ba. Ta kiyaye sharaɗin, ta ci tuwo a kwanon aro, ta jure tsokanar mata, ba ta kafa ko allura ba. Tsohuwar ƙofar gari ta gargaɗi baƙuwa a kan hannunta, ba ta ce mata komai ba a kan hannun wanda take ajiye wa ƙanzo. Wataƙila shi ya sa Kaka ta daina ba da ita. Ta ga ba ta isa ta tsare kowa ba.

Na tambayi wani malami a kan abin da na yi. Ya ce haƙƙin mutum sai an nemi yafiyar mai shi, in ya rasu a yi masa addu'a da sadaka, a kuma gyara abin da zai gyaru. Ina yin addu'ar, ina yin sadakar. Abin da ya rage a gyara shi ne Baba, don shi ma na yi masa ƙarya, kuma yana raye.

Ya tsufa yanzu, yana zaune a ɗakin da Kaka ta zauna. Sau da yawa nakan fito daga shago da niyyar yau zan faɗa. Wata rana har na durƙusa a gabansa na ce ina da magana a kan Kaka. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ka san, Habu, da a ce ni na tsare ta a nan ba da son ranta ba, da ban san da wace fuska zan tarar da ita ba. Amma ita ta zaɓa. Mene ne maganar?" Na ce dama kabarinta ne nake so a ƙara wa ƙasa.

In na faɗa, na sauke kayana a kan tsohon da ba shi da sauran ƙarfin ɗauka. In na yi shiru, zai tafi yana gode wa uwarsa a kan abin da ba ta bayar ba. Na juya abin ta kowace fuska, ban sami inda yake da sauƙi ba, kuma kwanakinsa ba jirana suke yi ba.

Kowace salla yakan tara mu, da ni da Rabi da 'ya'yanmu waɗanda in an yi musu Hausa, da Larabci suke amsawa. Ya ɗaga hannuwa ya yi wa matattu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Bana ma haka ya yi. Da ya zo kanta muryarsa ta yi laushi.

"Allah ya ji ƙan Tsohuwa. Ta bar ƙasarta da danginta saboda mu, ba wanda ya roƙe ta. Allah ya saka mata da gidan da ya fi wanda ta bari."

Yara suka amsa. Rabi ta amsa, idonta a ƙasa. Baba ya juyo da kunnensa wajena.

"Habu, ban ji naka ba."

Na ce, "Amin, Baba."